Injin Baba Ya Canza Murya, Ni Kuma Ɗiyar Fari Ce

Assalamu alaikum Anti Husaina. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma daure kada ki yi mini dariya, don duk wanda na fara ba wa labarin nan dariya yake yi. Ba maganar saurayi ba ce, ba ta jarrabawa ba ce. Maganar injin zarto ce.

Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare a Talata Mafara. Mahaifina kafinta ne, amma ba ya yin gado ko kujera. Firam yake haɗawa, wato katakon nan da ake zagaye hoto ko takardar shahada ko rubutun aya da shi a rataye a bango. Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da nake kwana ni da kakata, kuma akwai 'yar taga a saman bangon. Abin da ya fi aiki da shi wani zarto ne na lantarki, faifai mai haƙora a jikin hannu, ana sauke shi a kan katako. Ana juya shi dama ko hagu don ya yanke bakin katako a karkace, yadda in an haɗa biyu za su ba da kusurwa su kama juna tsaf.

Tun da na shiga sakandare nake jin muryar injin nan ta taga, har na haddace ta ba da niyya ba. Da can in an kunna shi sai ya tashi sumul, ya yi shaa a cikin katako, ya sauka a hankali ya yi shiru. Ina iya yin lissafi yana yi, ban ma san yana yi ba. To tun bayan Babbar Sallah ya canza. Yanzu in ya tashi sai ka ji kar-kar-kar kamar an jefa tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Wani lokaci wannan ya ɗauke, amma akwai wani gurnani a ƙasa-ƙasa da ba ya ɗaukewa, kamar dutsen niƙa a gidan maƙwabta. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙarshe. In Baba ya saki makunni, faifan yana rage gudu, sai ka ji ting, ting, ting, kamar cokali yana taɓa bakin kwano. Na saurara da wutar NEPA, na saurara da janareta, duk ɗaya ne. Malaminmu na fiziks ya ce sauti daga girgiza yake fitowa, in sautin abu ya canza to wani abu ya canza a jikinsa. Tun ranar da ya faɗi haka ban ƙara samun natsuwa ba.

A gida abin wasa ya zama. Kakata, Kaka Nagode, ta ce injin balaga ya yi, muryarsa ta fashe, a nemo masa mata. Zabin maƙwabtanmu kuma da sun ji ya tashi sai su amsa, ka rasa wa ke bin wani. Ƙawata Mufida ta sa na kwaikwayi kukan a aji lokacin tara, tun daga nan in ta hango ni sai ta ce ga ting-ting nan tafe. Ni ma ina dariya, amma rannan na kai wa Baba abinci na saci kallo, na ga faifan kamar yana ɗan rawa in ya kusa tsayawa. Kuma kusurwoyin firam ɗinsa sun daina haɗuwa kamar da. Na ji yana faɗa wa wani mai saye cewa katakon bana ne bai bushe ba, yana cike 'yar kafar da gam da garin katako.

Za ki ce ai shi ya fi kowa kusa da injin, ya za a yi bai ji ba. Anti, nan ne wuri na farko mai nauyi. Ina ganin kunnen Baba ya fara yin nauyi. Rediyonsa har bakin titi ake ji. In aka yi sallama sai an maimaita, kuma kullum kunnen dama yake juyo wa mai magana. Shi cewa yake mutanen yanzu ne suke magana a maƙogwaro. Ba wanda ya taɓa faɗa masa a fili sai Malam Ayuba, taubashinsa da ke zuwa daga Maradun ran kasuwa da rubuce-rubucen zayyana a sa masa a firam. Shi kam kurman kafinta yake ce masa, Baba kuma ya ce yana jin duk maganar da ta cancanci a ji, ta Ayuba ce ba ta ciki. Haka za su zauna suna shan fura suna tsiya har la'asar, ba a kunna inji, don haka Malam Ayuba bai taɓa jin kukan ba.

Wuri na biyu mai nauyi shi ne ni ɗiyar fari ce. A gidanmu har yanzu ana riƙe da wannan kunya sosai. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin dangin Inna, mahaifiyata, a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, can na yi firamare. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce mutuniyar Bakura. In yana son ya ba ni abu, sai ya ajiye a kan turmi ya ce wa iska a ba wa mutuniyar Bakura, alhali ina tsaye a wurin. Duk abin da ke shiga tsakaninmu gaisuwa ce: in durƙusa in ce ina kwana, ya kalli gefe ya ce lafiya. Kada ki ɗauka ba ya sona. Littafin da na ambata a tsakar gida cewa ina bukata, washegari zan gan shi a kan turmi. Amma ban taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba, balle in ce masa injinka ya lalace kuma ba ka ji.

Na gwada. Na tsara maganar, na maimaita wa akuyarmu a bayan ɗaki har ta daina tuƙa tana kallona. Na ɗauki kwanon abinci na shiga shago, na ajiye, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne sannu da aiki. Ya ce yawwa. Na fito da gudu har na bar takalmi ɗaya.

Inna ma kunyar ɗaya ce, ta ma fi tasa. Da na yi mata bayani sai ta kalli bango ta ce ita duk ƙarar inji ƙara ce a wurinta, in faɗa wa tsohuwa. Sai na samu Kaka Nagode, don ita ce abokiyar hirata, kuma Baba autanta ne, har yau Auta take ce masa duk da furfurarsa. Na ce mata ina tsoron faifan nan ya cire ko ya fizgi katako ya ji masa a hannu. Ban rufe baki ba ta toshe mini shi da tafinta. Ta ce in tofar da yawu, bakina ya sari ɗanyen kashi, ba a yi wa mai ƙarfe a hannu mugun fata. Na tofar. Sannan ta ce in bar ta da shi, ta san yadda za ta sa ya kashe injin ba tare da an ambaci sharri ba.

Da yamma ta dogara sandarta ta tsaya a ƙofar shago, kuma da yake sai an ɗaga masa murya, duk layinmu sun ji. Ta ce: “Auta, wagga ɗiya taka mai boko ta ce kukan injinka shina hana mata karatu. In ta faɗi jarrabawa kai ka kada ta.” Anti, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar an cusa buhunan siminti a tagar nan an kuma rataya tsohuwar tabarma a kai. Kuma ya canza lokacin aiki. Yanzu yanka da safe yake yi ina makaranta, in na dawo sai goge-goge da manna gam, tsit kake ji. Kaka tana ta yabon kanta wai ta yi maganin abin. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ya yi haka ne saboda ni, na sani, har na yi kuka na kuma yi dariya. Amma injin bai warke ba, ni ce kawai na daina ji. Ranar Asabar da ba makaranta na manna kunnena a bango, ting-ting ɗin ya ƙaru. Yanzu ina aji malam yana bayani, ni hankalina yana shago.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne wata Islamiyya za ta yi walimar sauka, sun ba shi aikin firam na shahadar ɗalibai gaba ɗaya. Katako yana nan jibge har bakin ƙofa, mako mai zuwa zai fara yanka ba ji ba gani. Na yi tunanin faɗa wa Malam Ayuba, amma ina tsoron ya mai da abin tsokana a gaban mutane, Baba kuma in aka tsokane shi a kan abu to ya kafe ke nan.

Anti, shin wannan kukan na haɗari ne ko ni ce mai tsoro? In na haɗari ne, ta yaya zan faɗa masa ban yi rashin kunya ba, ban kuma tona masa asirin kunne ba? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, a baki ba na iya magana, shi ya sa ta taru a nan.

Taki,
Mutuniyar Bakura, Talata Mafara

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma a wurin akuya da takalmi kawai. Sauran maganar taki ba ta dariya ba ce, kuma ba tsoro ne ya yi miki yawa ba. Kunnenki ya gaya miki gaskiya.

Ni ba kafinta ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin Malam Shehu, mai gyaran irin waɗannan injina a kusa da ofishinmu, na karanta masa har da kwaikwayon kukan. Abin da ya fara faɗa shi ne kada a ƙara yanka ko sanda ɗaya da injin nan sai an duba shi. Faifan da ke rawa yana iya fizgar katako, yana iya kuma yar da haƙori, kuma hannu da fuskar mai aiki ne a kusa.

Labari mai daɗi shi ne yawancin abin da ke kawo wannan kuka ƙarami ne. Kafin a taɓa komai, a zare wayar daga soket gaba ɗaya. Kashe makunni bai isa ba. Kar-kar ɗin da ke zuwa ya tafi, sau da yawa guntun katako ne ya maƙale a cikin murfin da ke rufe faifai, sai a fitar da shi a share garin katakon da ya taru. Ting-ting ɗin kuwa alama ce faifan yana goga murfi ko wani ƙarfe, wato ba ya juyawa daidai. Ko notin tsakiya ya saki, ko datti ya shiga tsakanin faifai da ƙarafan nan biyu da ke matse shi, ko faifan ya lanƙwashe ko ya rasa haƙori. Lanƙwasasshen faifai ba a buga shi a miƙe, sabo ake sawa. Gurnanin ƙasa-ƙasa shi ya fi sa Malam Shehu ɗaure fuska, don ya fi kama da boris ko giya da suka cinye, wato ƙarafan cikin inji da ke juya faifan. Ya ce a cire faifan da duk abin da ke matse shi, a kunna injin na ɗan lokaci shi kaɗai. In kukan ya ɗauke, laifin faifai ne ko ɗaurinsa. In yana nan, ciwon na ciki ne, a kai wa mai gyara. Haka nan in ana ganin tartsatsi mai yawa ta kafofin iska ko ana jin ƙauri, kabon ne ya ƙare, wato ɗan gawayin nan da ke kai wa injin wuta daga ciki, canza shi ba wuya.

Duk wannan aikin mahaifinki ne ko mai gyara, ba naki ba. Kada son taimako ya kai hannunki kan faifan nan. Na jero miki ne don ki san abin da kike faɗa, kuma don ki ga wani abu guda: kusan duk binciken nan ba ya bukatar kunne. In ya zare waya, ya naɗe tsumma a hannu, ya girgiza faifan gefe da gefe ya kuma juya shi a hankali, yatsunsa za su ji sakin da kunnensa bai ji ba. Mutumin da ya yi shekaru da ƙarfe, hannunsa ba ya yi masa ƙarya.

Yanzu mu zo gida. Ba zan ce miki kunyar ɗan fari shirme ba ce. Ni ma a cikinta na tashi, kuma na san soyayyar da ke ɓoye a bayanta. Mutumin da ya juya lokacin sana'arsa don ki yi karatu ya gaya miki matsayinki ba tare da ya kira sunanki ba. Kaka Nagode ma kada ki riƙe ta a zuci. Uwa ce, ba za ta iya ambaton jini da sunan autanta a numfashi ɗaya ba, sai ta nemi wata hanya. Sai dai hanyar tata ta rufe taga ta bar ciwon. Faɗin haɗari don a kauce masa ba mugun fata ba ne, nasiha ce, kuma addini ya san ta. An yi kunyar nan ne don a girmama iyaye. In ta kai ga ana kallo uba ya nufi rami an yi shiru, to ta wuce inda aka aike ta.

Saboda haka kada ki sake ba da saƙo. Kin ga yadda saƙo yake sauya kaya a hanya. Ke za ki faɗa, kuma kafin a fara yankan nan na Islamiyya, ba bayan an fara ba. Ki roƙi Kaka ta raka ki ta zauna a bakin ƙofa, aikinta zama kawai, ki gaya mata haka tun a ɗaki. Ki zaɓi lokacin da ba baƙo a shago. Ki durƙusa ta ɓangaren damansa, ki kalli ƙasa in kin so, ba wanda ya ce sai kin kalli idonsa. Amma ki ɗaga murya. Maganar da aka yi a maƙogwaro daidai take da wadda ba a yi ba.

Kada ki fara da kukan inji, ki fara da kusurwa, don ita idonsa ya riga ya gani kuma tana cin sa a rai. Ki ce kin lura kusurwa ta daina haɗuwa tun lokacin da faifan ya fara rawa yana taɓa ƙarfe in zai tsaya, kina roƙonsa ya zare waya ya taɓa faifan da hannu kafin babban aiki. Ki ƙara da cewa injin bai taɓa hana ki karatu ba, tsoro kike ji masa. Shi ke nan. Ba kunne a ciki, ba koyar da kafinta sana'arsa, ba abin da zai kare kansa a kai.

Maganar kunnen ma gaskiya ce, amma ranarta daban. Shekaru a kan ƙarar inji suna cin ji a hankali. Bayan an gama da wannan, Kaka ko Inna su lallaɓa shi ya je asibiti a duba, ya kuma riƙa toshe kunne in zai yi yanka don a tsare abin da ya rage. Kada a haɗa masa biyun a rana ɗaya.

In kin faɗa kuma kika ji ya ci gaba da yanka da kukan nan, to ran Talata da zai zo kasuwa ki tari Malam Ayuba a zaure wurin gaisuwa, ki gaya masa komai, ki roƙe shi ya yi maganar su biyu kawai. Taubashi yana da izinin faɗar abin da ba mai iya faɗa, kuma mai tsokanar mutum shekara da shekaru yakan san ranar da ake ajiye wasa.

Abu na ƙarshe, kada ki jira amsa a baki. Mai yiwuwa ya kalli gefe ya ce to, mai yiwuwa ma ya yi kamar bai ji ba. Kada ki ɗauka kin yi laifi. Iyaye irin naki da aiki suke amsawa. In kika ga faifan a kwance a kan benci da sifana a gefensa, ko kika ga an ɗaure injin a bayan mashin an nufi wurin mai gyara, to ya ji ki sarai. Daga nan ki koma gaisuwarki ta ina kwana da lafiya, ba abin da ya ragu a kunyarki.

Allah Ya tsare hannuwan mahaifinki, Ya sa albarka a sana'arsa, Ya ƙara wa Kaka lafiya. Ke kuma Allah Ya buɗe miki baki a ranar, Ya ba ki sa'ar karatu.

Anti Husaina